Ranar da Sanata Ya Dawo Gida Shi Kaɗai

Kwanan baya wani saurayi ya shigo bargar da nake aiki a Makera, da farin kambas da baƙin tabarau, ya ce, "Baba Sale, a ɗaura min sirdi a kan wancan jan. Zan ɗan shiga daji ni kaɗai in ɗauko bidiyo." Na tambaye shi ko ya taɓa hawa. Ya yi dariya, ya ce shi da yake tuƙa mota mai giya tun yana sakandare, doki kuwa ko kuloci ba shi da shi. Na ce gaskiyarka, ba shi da kuloci. Amma ban taɓa jin motar da ta ga baƙar leda a hanya ta firgita, ta zubar da direba, ta koma gida cin abinci ba. Na ba shi wata tsohuwar goɗiya da ko aradu ba ta sa ta sauri, ya zagaya fili ana riƙe masa ragama, wani abokinsa da ya rako shi yana ɗaukar bidiyon ta gefen da ba za a ga mai riƙon ba. Ya tafi yana murna. Ku samarin yanzu kun ɗauka doki kujera ce mai ƙafa huɗu, shi ya sa nake so in gaya muku abin da sana'ar nan ta ƙunsa tun da sauran haƙora a bakina.

Mahaifina a masaƙa yake aiki a Kakuri, zamanin da in aka busa jiniyar tashi sai titi ya cika da kekuna. Ya so in bi sahunsa, ni kuwa kullum ina bakin katangar Malam Tanko mai dawaki ina leƙe. Da ya gaji da dukana sai ya kama hannuna ya kai ni, ya ce, "Malam, ga shi nan, tunda warin kashin doki ya fi masa ƙamshin albashi." Da na bi ta tasa, da yanzu ina gadin kango, tunda masaƙar ta daɗe da rufewa.

Malam Tanko gajere ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe saboda hawa, kuma bai iya yabo ba. Abin da ya fara miƙa mini shebur ne. Na kwashi kashi har na daina jin warinsa. Daga nan lauje, in gangara bakin kogi in yanko ciyawa in ɗauko a ka. Daga nan wanka da cire kaska, da ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake sakace kofato da shi. Sai da damina ta zagayo ta same ni a nan kafin ya bar ni na sa ƙafa a likkafa. A lokacin na ɗauka mugunta ce. Daga baya na gane ta kashi ake fara sanin doki ba shi da lafiya, tun kafin ya kwanta maka a turke.

Kayan aikin ma sai da ya sa na san su ɗaya bayan ɗaya. Sirdunansa wani baduku ne a Tudun Wada yake ɗinka masa, kuma kullum sai an shanya shimfiɗar da ke ƙarƙashin sirdi a rana, don in ta kwana da gumi sai ta cinye bayan doki. Linzaminmu na gargajiya mai nauyi ne, in ya shiga hannun wawa sai ka ga jini a bakin dabba, dokin da aka fasa wa baki kuwa ba ya mantuwa, yana nan yana jiran ranarsa. Likkafa ba a cusa mata ƙafa har dunduniya. Tafin gaba kawai ake ɗorawa, don in ka faɗi ƙafar ta zame ta fita. Wanda ƙafarsa ta maƙale ja za a yi da shi, kuma doki ba ya tsayawa ya tambayi lafiyarka. Ku abin da kuke fara tambaya shi ne kayan ado, wane ne ya fi ƙyalli a hoto. Ban taɓa ganin tunku ko geza sun riƙe mutum a kan sirdi ba.

Aikin farko da ya aike ni ni kaɗai hawan angwanci ne a Tudun Wada. Angon tela ne, mai jiki, an naɗa masa rawani har ba ya ganin gabansa sosai. To, doki yana da wata dabara. In za ka ja majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki, sai ya kumbura cikinsa ya riƙe numfashi. Kai kana ganin ka ɗaure tam. In aka ɗan taɓa tafiya sai ya saki, majayi ya yi sako-sako. Don haka ka ja, ka zagaya da shi, ka sake ja. Na ce wa abokan ango su dakata in sake ja, suka ce makaɗa sun fara, 'yan mata suna kallo, ba za a tsai da ango a tsakar titi ana lalube a ƙarƙashinsa ba. Daidai ƙofar gidan surukai ya ɗaga hannu zai yi jinjina, sirdi ya juya da shi a hankali, cikin natsuwa, har ya kai ƙasa. Bai ji ciwo ba, jama'a suka ɗaga shi suna dariya. Malam Tanko da ya ji labari bai yi dariya ba. Ya ce, "Yanzu ka cire mutanen nan, ka cire titin, ka sa kwazazzabo. Wa zai ɗaga shi?"

Masu hawa iri-iri na gani. Akwai angwaye, akwai 'yan siyasa masu son hoton fosta a kan ingarma, su hau da taimakon kujera su sauka da taimakon Allah. Akwai masu kuɗin da ke sayen doki don maƙwabci ya saya. Waɗannan duk ba sa ba ni tsoro, don a cikin mutane suke faɗuwa. Wanda ke ba ni tsoro shi ne mai fita kilisa shi kaɗai, ya bi ta bayan Gonin Gora ya miƙe gonakin Kakau, inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ji komai ba sai kukan kurciya. Hawan yana da daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni ma na yi shi ba adadi. Amma akwai yadda ake yinsa.

Malam Tanko ba ya sakin ragama sai ka gaya masa inda za ka, da hanyar da za ka bi, da lokacin dawowa. Wuƙa da 'yar igiya da gorar ruwa a jikinka suke zama, don ranar da za ka buƙace su ita ce ranar da sirdin ya tafi ya bar ka. A zamaninsa babu waya, da yana raye da ya ce ita ma haka. Ba a sukuwa a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, musamman da damina, lokacin da bakin rafi ke ruɓewa ta ƙasa ciyawa ta rufe shi ta sama. Kunnen doki kake kallo, don yana riga ka ganin abu. Sannan gaisuwa. Duk manomin da muka wuce sai Malam ya ja linzami, ya yi sannu da aiki, ya tambayi doya, wani lokaci ya miƙa goro. Har gaisuwar Gbagyi ya koya, yana kwaɓa ta matan suna dariya. Na taɓa ce masa muna ɓata lokaci. Ya ce, "Ranar da ka faɗi, waɗannan ne asibitinka."

Na kuwa faɗi. Wani doki kili nake horarwa, na ce wa Malam zan bi layin dogo har ɗorawoyin bakin rafi, in dawo kafin la'asar. Ƙudan zuma suka taso mana, kili ya zabura ya shige ƙarƙashin reshe, shi ya wuce ni reshen ya ajiye ni. Idon sawuna ya goce, ko miƙewa na kasa. Na ja jiki inuwa, na sha ruwan gorata, na jira. Ana kiran la'asar Malam ya ga ban dawo ba ya hau ya biyo layin dogo, wani mai gonar doya da muke gaisawa ya nuna masa wajen da ya ga na shiga. Da ya iso ya dube ni daga sama, abin da ya fara tambaya shi ne ina dokin. Amma ya zo, kuma a bayansa ya ɗauko ni har gida.

Malam ya rasu kafin munanan shekarun, Allah ya yi masa rahama, ya hutar da shi ganin abin da hanyar Abuja ta zama. Da masu garkuwa da mutane suka cika dajin, sana'armu ta durƙushe. Manoma suka daina zuwa gona mai nisa, harawa ta yi tsada har doki ya fi mai shi ci. Dawakai suka tsaya a turke ƙafafunsu suna kumbura. Masu dawaki da yawa suka sayar, wasu abokan aikina suka koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Amma abin da ya fi yunwa ɓarna shi ne zargi. Kowa ya zama infoma a idon kowa. Mutum zai tafi Zariya sai ya ce wa matarsa aski za shi. Direba ba ya sanin inda aka nufa sai an hau titi. Ban ce tsoron ba shi da dalili ba, don an sayar da mutane daga cikin gidajensu. Sai dai maganin da aka samo ya ci karo da sana'ata kai tsaye.

A wannan lokacin na samu aiki wurin Alhaji Mudi, ɗan kwangila, mai gida a sabuwar unguwa wajen Gonin Gora, da doguwar katanga mai waya a sama. Likita ya ce masa sukari ya yi yawa, ya riƙa motsa jiki. Alhaji ya duba ya ga tafiya a ƙasa ba ta dace da matsayinsa ba, sai ya sayi doki ya riƙa motsa jikin a madadinsa. Akawal ne, baƙi wuluk, kyakkyawa. Na sa masa suna Sanata, don ci yake sosai, aiki kaɗan, kuma in ka zo masa hannu rabbana sai ya juya maka baya. Alhaji ya ji sunan ya ji daɗi, ya ɗauka girmamawa ce.

Ba mugun mutum ba ne. Da salla yakan yi wa 'ya'yana ɗinki, kuma ya koyi zama a sirdi fiye da yadda na zata. Cutarsa ɗaya, ya yi imani duk wanda ya san inda yake zai sayar da shi. Na ce in riƙa raka shi a kan wani dokin, ya ce mutum biyu sun fi jawo ido. Wayoyinsa kuwa a jakar sirdi yake zuba su, wai suna bugun cinyarsa. Na ce ya bar ko ƙaramar a aljihu. Ya ce, "Sale, kai ka san doki, ni na san waya. Kowa ya tsaya a layinsa." In na tambaye shi hanya yakan amsa da sauri, yau nan gobe can, ni kuwa in riƙe a raina in saki ragama. Ban san duk ƙarya yake shirga mini ba.

Wata Asabar ce da safe, damina ta yi nisa, masara ta yi goyo. Na ja majayi, na zagaya, na sake ja. Alhaji ya ce bakin kogi za shi ta Nasarawa, kafin azahar ya dawo. Rana ba ta kai tsaka ba sai ga Sanata a bakin get, jiƙe da gumi, likkafu suna lilo, igiyar linzami ta tsinke yana jan guntunta. Mai gadi ya buɗe get ya ƙame ya sara kamar yadda ya saba, sai da dokin ya wuce ya lura babu kowa a kai. Sanata ya zarce wurin dusarsa.

Na duba shi. Babu jini, babu sara, gwiwarsa ɗaya ta ɗan kuje. Masu ba da labari za su ce da ka duba kofato ka gane inda ya fito. Na duba. Jar laka ce, irin wadda ke ko'ina daga Kakuri har inda ƙafarka ta gaji. Na ciro wayoyin na miƙa wa Hajiya Asabe, matar Alhaji, na ce mata ina jin faɗuwa ya yi, na tare ɗan acaɓa muka nufi Nasarawa. Na bi bakin kogin sama da ƙasa. Na tambayi masu haƙar yashi, na tambayi masu wanki da masu lambu. Wani tsoho mai lambun alayyafo ya ce, "Baƙin doki? Malam, in baƙin doki ya taɓa biyowa ta nan, to ba a haife ni ba tukuna." A nan na fara zargin ba ta nan ya biyo ba.

Da na koma da la'asar, gida ya cika. An shimfiɗa tabarmi a waje, mata sun ɗora tukwane don masu jaje. Ƙanen Alhaji, wani Alhaji Sabo, ya karɓi jagoranci, kuma kowa a falon ya zama masanin 'yan bindiga. Wani ya ce ai haka suke yi, su koro dokin don a san sun ɗauka. Wani ya ce sun bar wayoyin ne don kar a bi sawunsu, alamar ƙwararru ne. An jera wayoyin Alhaji da ta Hajiya a kan tire a tsakiyar falo, an jona caji, an hana yara ko tari. Duk wayar da ta yi ƙara sai a yi tsit, Alhaji Sabo ya gyara murya ya ɗauka, sai a ji mai kawo bulo ne.

Na durƙusa gaban Alhaji Sabo na ce, "Alhaji, a ba ni samari da babura mu bazu. Igiyar nan taka ta ya yi ta tsinke. Ina jin yana wani wuri a kwance."

Ya ce, "Kar wanda ya fita. In suka ga ana nema sai su harzuƙa." Sai ya ƙura mini ido. "Tsaya ma tukuna. Wa ya san inda zai je?"

Na ce, "Ni ya gaya wa."

"Wa ya ciro wayoyinsa?"

"Ni."

"Wa ya fita a guje kan acaɓa, ya yini ba a san inda yake ba, ya dawo ya ce ba a ga yayana a inda shi kaɗai ya ce ya tafi ba?"

Duk falon aka juyo ana kallona. Ni kaina da na ji yadda ya jera maganar sai na ji ban yarda da kaina ba. Kafin magariba ina bayan kanta a ofishin 'yan sanda.

Ba zan ce an dake ni ba, ba a dake ni ba. Jami'in da ya yi mini tambayoyi mai haƙuri ne, har ya tambaye ni ko dokin zai iya kai su inda ya baro maigidansa. Na ce ranka ya daɗe, Sanata hanya ɗaya ya sani da zuciya ɗaya, ta dusa, kuma ya riga ya bi ta. Aka tura mota bakin kogi inda na riga na duba, suka dawo da abin da na dawo da shi. Washegari matata Hauwa ta kawo mini koko da ƙosai, idonta ya kumbura. Ta ce a unguwa har an fara tuna cewa bara na sake kwanon rufin ɗakina, ana tambayar a ina na samu. Mutanen da na yi shekaru ina salla sahu ɗaya da su ke nan. Wannan ya yi mini ciwo fiye da simintin da na kwana a kai. Kuma na san mutum ɗaya ne a duniya zai iya wanke ni. In ya mutu a inda yake, to ni da sunana da 'ya'yana mun tafi tare da shi.

Abin da ya faru kuwa, daga baya na ji shi daga bakin wadda ta tsince shi. Ashe Alhaji bai taɓa zuwa ko ɗaya daga wuraren da yake gaya mini ba. Kullum hanya ɗaya yake bi, ta gonakin Kakau, inda ya sayi wani fili a ɓoye yake zuwa yana kallonsa. Wato ya ɓoye hanyarsa ga mutanen gidansa, ya bayyana ta ga duk wanda ke cikin daji. Ran nan fakara ta tashi fir daga ciyawa a ƙarƙashin hancin Sanata, ya yi tsalle gefe, bakin kwazazzabo ya rufta, Alhaji ya gangara ciki cinyarsa ta karye. Ya yi ta ihu, "Jama'a a taimaka!" Wasu maza da ke aiki a gonar doya can nesa suka ji. A shekarun nan kuwa kowa ya san ana ɗana tarko da irin wannan kiran, ka je taimako a ɗaure ka. Suka yar da fartanyu suka ruga gari, suka ce kar kowa ya bi ta wajen rafi, mutanen sun zo. Haka ya yini ya kwana a ramin, ruwan sama ya sauka a kansa. A gida ana cewa masu garkuwa sun kama shi, a ƙauye ana cewa shi ne mai garkuwar.

Mama Laraba ce ta ƙi jin gargaɗi. Dattijuwa ce 'yar Gbagyi, mijinta ya rasu, gonar masararta tana bakin wannan kwazazzabon. Ta daɗe tana cike da wani mai baƙin doki da ke ratsa mata gona, dokin yana fizgar masara, shi kuwa ko sannu, sai dai ya ɗaga bulala daga nesa kamar mai gaida talakawansa. Da safe ta ɗora ƙwaryarta a kafaɗa irin tasu ta tafi gona abinta. Ta ji nishi, ta leƙa, ta ga farin kaftani ya koma ja da laka, ta gane mutumin.

Ta ce mini, "Malam, na ce masa, Oga, yau ka sauko ƙasa? Ina dokin? Ya tafi ƙarasa masarana?"

Na ce, "Haba Mama, mutum yana bakin mutuwa?"

Ta ce, "Ai na ga yana numfashi. In na fara fito da shi, mota zai shiga ya tafi. Yaushe zan sake samunsa wuri ɗaya?"

Sai da ta gama faɗa masa abin da ke ranta, yana cewa "Yi haƙuri Mama, ruwa, Mama," sannan ta sauka ramin ta ba shi ruwa, ta yafa masa zanenta, ta koma gari da gudu da tsufanta. Ta ce wa 'ya'yanta su taso, ba ɗan bindiga ba ne, ɓarawon masara ne. Suka ciro shi a kan ƙyauren ɗaki suka fito da shi titi. Duk Kaduna ita kaɗai ta san hanyar Alhaji Mudi, kuma don tana jin haushinsa ta sani.

Da azahar aka buɗe ni. Alhaji Sabo yana jira a waje, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Sale, sai haƙuri, ka san yanayin ƙasar." Na ce na san shi, a cikinsa na kwana. A unguwa waɗanda suka sa wa kwanon ɗakina ido su ne suka fara zuwa barka, kowa yana cewa shi dama bai yarda ba.

Na je asibiti duba shi. An rataye ƙafar da ƙarfe, fuskarsa ta faɗa, an ce da ya ƙara yini a ramin, ga sukari ga sanyi, da sai dai wani labarin. Na tarar Mama Laraba ta kawo dafaffiyar masara a leda, ta ajiye masa ta ce tunda dokinsa yana so, wataƙila a wurinsa ya koya. Ɗakin cike da 'yan dubiya, Alhaji kuwa bakinsa bai karye ba. Na ji yana cewa, "Kun ga amfanin sirri? Yini da kwana ina cikin dajin nan, ko ɗaya daga cikin miyagun bai san ina nan ba." Jama'a suka ce ƙwarai, Alhaji, dabara ta yi. Na ce, "Ta yi, Alhaji. Har mu ba mu sani ba." Aka yi dariya, shi ma ya yi, ya sa aka ba ni lemo. Maganar bayan kanta bai tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Na ci gaba da kula da Sanata duk tsawon jinyar. Ina fita da shi da kaina ta Kakau, ina bin gefen gona, ina tsayawa gaida Mama Laraba, har ta fara ajiye masa ɓawon masara. Ƙafar Alhaji ta ɗinke amma ta gajarce, yana ɗingishi da sanda mai kan azurfa. Na zaci ya haƙura da hawa. Wata safiya bayan an girbe dawa sai ga shi a barga da takalmin hawa, ya ce a ɗaura. Na ɗaura. Ya nuna mini ƙaramar waya, ya sa ta a aljihun gaba, ya buga aljihun yana murmushi, na ji daɗi har raina. Sannan ya matso kusa ya rage murya.

"Sale, ka san yanzu na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Sabo ya ce 'yan sanda sun bincike ka ciki da waje, ba su samu komai ba."

Na ce, "Na gode, Alhaji. Ina za ka?"

Ya dubi mai gadi, ya dubi katanga, ya dube ni. Ya ce, "Nan kusa."

"Babu gari mai wannan suna, Alhaji. Ta wace hanya?"

"Haba Sale. Ka san yanayin ƙasar."

Na tsaya riƙe da ragamar, raina ya ɓaci ƙwarai. Shekarun da na yi ina wanke masa doki ba su sa ya yarda da ni ba, kwanan siminti ma ashe bai isa ba. Na kwance majayin, na sauke sirdin na rataye a ƙusarsa, yana ta ce mini me kake yi, me kake yi. Na zuba wa Sanata dusa, na shafa wuyansa, na ɗauki laujena da ɗan ƙarfen kofato, don su kaɗai ne nawa a gidan. A bakin get mai gadi ya ce, "Baba Sale, ina zuwa da hantsin nan?"

Na ce, "Makera, ta Kakuri. In an tambaya, ka ce ba zan dawo ba."